Ɗigon Jan Farce a Kofunan Jibi

Kowace Asabar, tun kafin mai shara ya iso majami'a, Mama Mai Kofuna ta riga ta shige ɗan ɗakin nan na bayan bagadi da bahonta biyu, ruwan zafi da farin tsumma. Kofunan jibin Ubangiji, waɗanda ake raba wa masu bi ruwan inabi a ciki, ɗari biyu ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ɗaya-ɗaya take wankewa, ta ɗaga ta duba a hasken taga. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki. Yanzu yatsunta sun ƙage, ta ce a nemi wani. Sai ga sanarwar ajiye aikinta an cusa tsakanin ta laimar da aka tsinta da ta wanda ya tare ƙofa da motarsa. Ko tafi ba a yi mata ba. Abin ya ci mini rai matuƙa.

Bari in tuna wa masu mantuwa. Shekara tara da suka wuce, kafintan da ya haɗa bencinan da muke zama a kai ya yi jinyar tarin fuka. Ya sha magani har ƙarshe, likita ya ba shi takardar ya warke sarai. Da ya dawo sujada, bencin mutum shida ya zama nasa shi kaɗai. Masu rera waƙar ƙauna har jijiyar wuya ta tashi suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Matarsa ta raɗa wa Mama cewa ya yi rantsuwa, in aka ƙara wulaƙanta shi ya bar zuwa ke nan.

A makon ne babban dattijo ya same ta tana wanki, ya miƙa mata kwalbar jan farce.

"Mama, ki ɗiga wannan a jikin kofi ɗaya. Shi za a riƙa ba kafinta, a wanke shi daban."

"Baba, ba an ce ya warke ba?"

"Rigakafi ya fi magani. Kada mutane su watse mana."

Ta san kafinta ba makaho ba ne, zai ga ɗigon, zai kuma gane. Amma ita ba ta da kujera a taron dattawa, sai ta ce, "To."

Ranar Lahadi mai raba kofuna ya zo gaban kafinta yana laluben kofi mai alama, ya tsaya cak. Duk kofunan faifan da ɗigonsu ja, har wanda ke hannun fasto. Kafinta ya miƙa hannu ya ɗauki nasa kamar kowa, ya sha.

Ana tashi dattijo ya faɗo ɗakin yana huci. "Mama, wanne ne nasa?"

"Duk wanda ya ɗauka. Baba, jini ɗaya aka zubar mana. In an zubar da wani daban domin kafinta, buɗe Littafi ka nuna mini, in ware masa."

Har yau bai nuna ba.

Ke ce, Mama, kika riƙe mana ɗan'uwa ranar da masu wa'azi suka yi gum. Ba ki iya dogon karatu ba, amma bangaskiyar da muke faɗa da baki ke kika yi ta da hannu. Uwar masu bi, mun gode. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon yatsun nan. Mu kuma da muka ja jiki a benci, mu ji kunya, mu koyi halinki.

Sauran magana ɗaya, ya ku dattawa. Tun da aka yi sanarwar, mutum ɗaya tak ya ce zai karɓi wankin, kafinta ne. Mako uku ke nan kuna cewa kuna dubawa. Me kuke dubawa? Mama ta riga ta miƙa masa tsummanta. Ku ba shi mabuɗin ɗakin.