Mai Kunna Kyanwa

Wai 'yar Gwaggo tana rufe kanta a ɗaki mai duhu da kyanwa, ta yi ƙus-ƙus, kyanwar ta kama da wuta koriya shar. Wai har tana ba da hayar kyanwar in an ɗauke lantarki. Ƙarya ce, jama'a! Da gaskiya ne, da gidanmu ya fi filin jirgi haske.

Likitar dabbobi ce. Tun tana rarrafe take duba bakin awaki, kajin unguwa kuwa sun sha allurar tsinke a hannunta har sun haddace takunta.

Asalin zancen kyanwar Iya mai ɗinki ce, wadda ba ta da abokin hira sai ita. Gashin kyanwar ya riƙa zubewa zagaye-zagaye, kamar an ɗora bakin kofi an yanke. Mai gidan haya ya rantse kuturta ce: ko kyanwa ta fita, ko su fita tare. Makaniken ƙofar gida ya taimaka da baƙin mai, aka shafe ta tas, ta koma kamar tsumman gareji.

Da Likita ta gani, ranta ya ɓaci, amma ba ta yi faɗa ba. Ta wanke man, ta bari fatar ta huta. Sannan ta kira mai gidan cikin ɗakin gwaji, ta ja labule, ta haska wata 'yar fitila. Gefen kunnen kyanwa ya yi kore.

"Innalillahi!" in ji shi, yana laluben ƙofa.

"Baba, tsaya. Makero ne, irin wanda yara ke yi. Wani irinsa haka yake nunawa a wannan fitilar."

Ba ta yarda da fitila kaɗai ba, sai da ta tsige gashi ta leƙa a madubin gwaji. Aka shiga wankan magani da ɗura, aka wanke duk ƙyallen da ke ƙarƙashin keken Iya. Bayan makonni gashi ya tsiro luf-luf. Mai gidan ya janye maganarsa, amma har yau ta bayan gidan yake zagayawa don kada ya haɗu da kyanwar.

Ranar sallama wani abokin wasanta ya leƙo yana dariya.

"Ranki ya daɗe, duk karatun nan a wankan kyanwa ya ƙare?"

Ta kalli tsakiyar kansa.

"Ita dai gashinta ya dawo. Naka ne ya fi ƙarfin ilimi."