Soron da Anka Hana Taɓawa

Duk wanda ya san Jega ta bakin gulbi ya san Ɗalha mai albasa, kuma ya san abu biyu ka tsinka mishi hanji: hukuma da uwa tai. Ƙato ne, shi kaɗai ke cira buhu shi aza bisa mota, amma in ya hangi mai kaki, ko da maigadin asibiti ne, sai shi sake hanya.

Gidansu tsohon soro ne na ƙasa, kakan kakansa ya gina shi tun zamanin da fatake ke sauka da goro. Bangon nan ya yi kauri har jaki na iya kwanciya bisa. A ɗakin ƙurya uwarsa Inna Iyatu ke zaune, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, baki dai na nan da kaifinsa. Ɗalha ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba. "Kai wanga," shi ne kiransa, har ya yi furfura.

Kowace shekara kafin ruwa, Ɗalha ke kwaɓa ƙasa da ramno, ciyawar gini, shi hau rufi shi yaɓe, shi share indararo. Haka ubansa ya yi, haka soron ya rayu.

Sai wata rana baƙi sunka zo da mota, sunka yi ta ɗaukar hoto. Cikinsu akwai wani ma'aikaci, Malam Daniel, mutum mai fara'a. Ya ce a garuruwan bakin teku irin waɗanga gine-gine hukuma ke tsaron su, mutane na tahowa daga nesa don kallo, yanzu na Ɗalha ma ya shiga sahu. Anka kafa allon ƙarfe a gindin bango.

"Kada a rushe, kada a sa siminti, kada a gyara komi sai masana sun zo," in ji Malam Daniel.

"Ko yaɓe, ranka shi daɗe?"

"Baba, ka dai jira su. Ba za su daɗe ba."

To, ai kun san zuwan masana. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi ta. Ɗalha ya kwaɓa ƙasa sau da dama, in ya ɗauko tsani sai idonsa shi faɗa bisa allon nan, jiki shi mutu, ƙasar ta bushe a banza. Bango ya tsage. Da fari tsinke ke shiga, daga baya yatsa, daga baya har ƙadangare na kwana ciki. Gara ta kama azara. In yana cin tuwo ya ji ƙasa ta zubo, sai shi tsame hannu.

Ya gina ɗakin kwano a tsakar gida, ya durƙusa gaban tsohuwa.

"Inna, ki koma can. Wanga ɗaki ba shi da lahiya."

"Kai ne ba ka da lahiya. Da lalle na shigo nan, da makara za ni hita. Ubanka bai taɓa tambayar allo izinin hawa rufi nai ba."

"Kama ni za su yi, Inna."

"Su kama mana. Ko can ana son mai ɗaukar buhu. Ka taɓa ni kuma, ka ga abin da bakina ka yi."

Haka bawan Allah ya zauna tsakanin wuta biyu, ya rame kamar albasar da ta wuni rana.

Ranar da abin ya faru, da azahar ne. Hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ɗalha ya duba indararo, ko ɗigo ba ya fita. Ruwan duk yana bisa rufi ke nan, yana neman hanya. Ya leƙa ɗakin ƙurya, ya ji azara na kuka, ƙiii, ƙasa na zuba cikin kwanon furar tsohuwa. Ya ce bisimilla, ya naɗe ta da tabarmarta, ya saɓa a kafaɗa.

Me zai ji in ba ihu ba! Tana dukansa da sanda a ƙeya, tana cewa, "Sauke ni, ɗan banza! Buhu ce ni?" Shi kuwa yana, "Ki gahwarta, Inna, ki gahwarta," har ya dire ta a bakin ɗakin kwano.

Da mai hankali ne, sai shi zauna shi gode Allah. Ina! Yana waigawa ya ga bango ya sunkuyo kan allon hukuma. Zuciyarsa ta ce, in allon nan ya karye, wa za a tambaya? Ya zabura cikin ruwa zai tumɓuke shi. Tsohuwa ba ta gani sosai, amma ta ga inda ƙaton nan ya nufa, kunnenta kuma ya ji abin da bango ke shirin yi.

"Ɗalha!"

Cak ya tsaya. Bai taɓa jin sunan nan a wannan murya ba, har ya juyo yana neman wadda ta kira shi. Yana juyowa bango ya zube bayansa, rim, laka ta fantsamo mishi har wuya. Allo, ɗakin ƙurya, kwanon fura, duk sunka shige ƙasa.

Ya rarrafo ya zauna gabanta. Ta lalubi kansa ta shafa, sannan ta ɗora mishi ranƙwashi.

"Inna, ke ce kinka kira ni?"

"Wa? Tsawa ka ji."

Malam Daniel ya zo bayan ruwa ya ɗauke, ya tsaya gaban tarin ƙasa. Tambayarsa ta farko, ko an samu rauni. Ɗalha bai ji ba, don yana can cikin rudu, rumbun albasa, ya ɓoye, sai da mota ta tashi ya fito.

Rabin soron na nan tsaye har yau. Inna Iyatu na ɗakin kwano tana zagin zafi, ta koma "kai wanga" abinta. Bana kafin ruwa ta sa shi ya hau ya yaɓe abin da ya saura, tana zaune ƙasa da sandarta. Ya yi aikin tsaf, sai dai duk ƙarar babur da ya ji, sai shi zaci hukuma ce, shi kwanta rub da ciki bisa rufin.