Magagi da Ganɗar Hassana

Shekara goma sha ɗaya Magagi ya yi a wani asibiti a Yamai, tsintsiya a hannu. Da ya tashi dawowa Filinge sai ya bar tsintsiyar can, ya zo da farar riga da tocila da sunayen cututtuka cike da baki. Ba wanda ya tambaye shi takarda. Ran kasuwa yakan kafa benci kusa da masu hatsi, ya sa mutum ya wangale baki, ya haska, ya girgiza kai.

Rufin baki da kowa ya sani da ganɗa, shi "pale" yake ce masa. Gyambon baki "aft", ciwon maƙogwaro "anjin". Manomin ƙasar nan ta Kurfai da bai taɓa jin sunan ciwonsa da Faransanci ba, nan take sai ya ji rabin sauƙi. Maganin kuwa ɗaya ne tal, wani shuɗin ruwa a kwalba da ake shafawa da auduga. Wanzamai masu cire beli ko gaisuwarsu ba ya amsawa, wai jahilai ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana nan sai gyambo ya fito wa matarsa Hassana a ganɗa. Ya haska, ya ce aft ne, ya shafa shuɗi. Wata biyu tuwo ya gagare ta, ta koma kunu. Wata huɗu, kunun ma sai ta runtse ido take haɗiya, kunne yana sara mata.

Ta ce, "Malam, don Allah ka kai ni Yamai."

Yamai! Inda kowane mai gadi ya san shi da bokiti? Ya shiga da mata, wani ya ɗaga murya ya ce "A'a, Magagi mai shara!" a gaban ɗan rakiya? Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama Filinge. Ya ce ta yi haƙuri, maganin a hankali yake aiki. Ya ƙara mata shuɗi.

Ƙanenta Tahiru ya zo daga garin Damana, ya ga yadda ta rame. Bai nemi izinin kowa ba ya sa ta a mota sai asibitin Yamai. Magagi ya ce kasuwa ta riƙe shi.

Bayan kwana tara Tahiru ya dawo shi kaɗai, Magagi ya tare shi a tasha.

Tahiru ya ce, "An riƙe ta. Likita yac ce ciwon ya ci ƙashi. Da mun zo tun hwarko da an yi wani abu. Yanzu sai dai a rage mata zahi."

Magagi ya ji tsoro, ya ji kunya, don yana son Hassana iyakar son da irinsa ke iyawa. Amma hali zanen dutse. Ya matso, ya rage murya.

"Kun ambaci sunana can?"

"A'a."

Ya sauke ajiyar zuciya. "To shi ciwon, mi sunka kira shi da Faransanci?"