Madubi da Bishiyar Kuka

Ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba. Inna takan ce ko a kan tabarmar sallah ƙafata rawa take yi, ni kuma ban taɓa musa mata ba. Shi ya sa da kamfanin da nake wa aiki ya samu kwangilar kafa wa motocin asibiti da na kashe gobara hanyar sadarwa tasu ta kansu a Tamale, sai na ji kamar don ni aka ƙirƙiro aikin. Yini guda kana bisa babur, daga unguwar Choggu ka faɗa Gumbihini, ka hau dogon ƙarfen sadarwa ka sauko, babu mai ce maka zauna.

Abin da muke ginawa ba shi da wuyar ganewa. Idan mutum ya kira lambar gaggawa, kiran yana shiga wani ɗaki a tsakiyar gari. A ɗakin akwai ƙaton allo, kowace mota tana fitowa a kansa a matsayin ɗigo kore. Mai karɓar kira ya duba ɗigon da ya fi kusa da mara lafiya, ya tura shi. Ɗigon ba zai fito ba sai motar tana jin ƙarfen unguwarta, kuma kowane ƙarfe yana ɗauke da farantin aika saƙo da ke kallon farantin wani ƙarfen. Dole su ga juna ido da ido. In wani abu ya gitta tsakani, magana ta yanke. Aikina shi ne in tabbatar babu abin da ya gitta, sannan in sa hannu a takarda.

Ƙarfen Gbalahi na fi zumuɗi a kai, domin can yayata take aure. Ita ta goye ni, ita ta koya min tafiya, kuma har yau ba ta kirana da komai sai Auta. Ta yi ɓari sau biyu, ga hawan jini, a lokacin kuma tana ɗauke da ciki na uku wanda ake sa ran zai sauka tsakiyar damina. Da aka ce za a ajiye motar asibiti ɗaya a ƙarƙashin wata rumfa a bakin Gbalahi, na je na cika mata baki. Na ce, "Yaya, daga bana ko atishawa kika yi, mota na ƙofar gidanki." Ta ce, "Kai dai Auta, bakinka ya fi ƙarfenku tsawo."

Mun yi awon wurin ne a tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfe ke ƙona tafin hannu ko da safar hannu. Dabararmu tsohuwa ce. Mutum ɗaya ya hau sama a can da madubi yana haska rana, ɗaya ya hau a nan da abin hangen nesa. In ka ga walƙiyar madubin, hanya a buɗe take. Abokin aikina, wani mutumin Kumasi mai yawan dariya, shi ya tafi Gbalahi da madubi ya hau tsani a inda za a kafa ƙarfen, ni na hau ƙarfen Gumbihini. Ban daɗe ina lalube ba na gan ta, tana ƙyalli tar, ta tsakanin rassan wata ƙatuwar bishiyar kuka da ke kusa da inda yake. Na yi masa waya na ce ya sauko, an gama.

Da muka haɗu wajen mai koko da yamma, sai ya ce min da gurguwar Hausarsa, "Chale, abokina, wannan babban itace na can, ya mutu ko? Ba ganye ko ɗaya." Na yi dariya har na kusa ƙwarewa. Na ce masa ku mutanen kudu ba ku san komai ba sai gonar koko da rogo, kuka ba ta mutu ba, barci take, bari ruwa ya sauka ka gani. Da bakina na faɗa. Na gama yi masa karatu, na zaro takarda na sa hannu cewa hanya a buɗe take, ban haɗa maganar da takardar ba ko na daƙiƙa ɗaya. Ni da na tashi da miyar kuka tun ban san sunana ba.

Aka kafa ƙarfe, aka ɗaura faranti, ɗigon Gbalahi ya fito kore shar. Maigidanmu, wani dattijon injiniya mara yawan magana, ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce aiki da ɗan gari daban ne. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda ya kamata.

Ruwa ya sauka. Bayan 'yan makonni sai matar da ke karɓar kira da rana ta tare ni a ƙofar ɗakin ta ce, "Malam, motar Gbalahi tana wasa da mu. Yanzu ka gan ta, an jima ta ɓace." Na ce mata ruwan sama ne, haka yake yi wa na'ura. Amma ni kaina ban yarda da wannan amsa ba. Na hau babur ban tsaya ko'ina ba sai gindin ƙarfen Gbalahi, na ɗaga kai. Kukar nan ta cika ta batse, kore shar kamar an yi mata rawani, ta zauna daram a kan hanyar farantin. In iska ta kwanta, saƙo ya ɗan sulale ta gefe. In ta kaɗa, ko ganyen ya jiƙe, shi ke nan. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido, ni kuwa nawa hakin sai mutum biyar sun haɗa hannu kafin su zagaye shi.

Mafita biyu ce. Ko a ƙara wa ƙarfen tsawo ya leƙa ta saman bishiyar, wanda ba zai yiwu ba sai na rubuta wa maigida cewa awon da na sa wa hannu kuskure ne. Ko kuma a sare rassan da suka tare hanya, shiru, ba wanda ya ji. Na zaɓi ta biyu, kuma ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba: kunya ce da girman kai suka zaɓa min.

Sai dai a nan ƙasar Dagbon, inda Tamale take, ba a tunkarar irin wannan bishiya da gatari haka kawai. Tana da mai ita, wato tindana, dattijon da ke kula da al'amuran ƙasa da abin da ya tsiro a kanta. Na sayi goro na je. Na same shi a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, na durƙusa na gaishe shi da yarensu na ce "Dasiba," ya amsa "Naa," muka yi ta jan gaisuwa ƙafata na rawa a ƙarƙashina. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya dube ni ya juya zuwa Hausa don kada in ce ban ji ba.

"Itacen nan ya girme kakanka. Ba a sa masa ƙarfe. Ganye dai ana cire, amma sai ruwa ya ɗauke, mata ya samu rana na shanya. Ka jira kaka, ɗana."

Na ce, "Baba, maganar rai ce. Motar asibiti ba ta jin kira."

Ya ce, "To ka ɗaga naka ƙarfe. Naka ne ya zo jiya."

Na fita ina huci, ina ce wa kaina tsohon nan taurin kai ne da shi. Bayan kwana huɗu na koma da zabuwa. Ya karɓa, ya yaba ƙibarta, ya sa min albarka, ya maimaita min amsarsa kalma da kalma. Yanzu da nake rubuta wannan na san duk cikinmu shi kaɗai ya faɗi abin da ya dace a yi.

Mako uku na yi a haka. Na zama mai duban iska. Ina cikin cin abinci in ga ganyen dogon yaro ya motsa, sai in ajiye cokali in zaro waya in duba ko ɗigon yana nan. A sahun sallah hankalina na kan hadari. Na rubuta wa maigida rahoton sau uku, sau uku ina gogewa, ina ce wa kaina gobe zan samo wata dabara, ko in juya farantin kaɗan, ko in roƙi tsohon ta bakin wani. Na hau na juya farantin, bai yi ba. Kowane 'yan kwanaki kuma ina Gbalahi, wai na zo duba yaya. Ta zubo min tuwo, in ci loma biyu in miƙe in leƙa waje. Ta ce, "Auta, wai kai ƙaiƙayi ne a kujerar nan? Zauna mana, ko ni mai ciki na fi ka natsuwa." Ƙafafunta sun kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita, amma ni take tsokana.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Ruwa da iska suka tare ni a Choggu, na fake a shagon wani tela. Ina tsaye na ga motar asibiti ta wuce da jiniya tana keta ruwa, na ce a raina Allah ya ba mai shi lafiya. Wajen rabin awa bayan nan wayata ta yi ƙara. Mijin yaya ne. Ya ce ta faɗi tana jijjiga, ya kira lambar tun ɗazu, an ce masa mota ta taso daga Choggu, har yanzu shiru.

Daga Choggu. Nan take na gane. Ɗigon Gbalahi ya ɓace daga allo, mai karɓar kira ta ɗauka motar ba ta nan, ta tura wadda ta gani, daga wancan ƙarshen gari, cikin ruwan da ya shanye hanyoyi. Ba ta yi laifin komai ba. Na shiga kiran direban Gbalahi a wayarsa ta hannu. Sabis ɗin wajen dama ba shi da ƙarfi, sai a kira na huɗu ya shiga. Yana zaune cikin motar a ƙarƙashin rumfa yana ɓarar gyaɗa. Ya ce, "Malam, ba kira ya shigo fa." Na daka masa tsawar da bai cancanta ba, na kwatanta masa gidan. Cikin 'yan mintoci ya isa.

Ban san yadda na kai asibiti ba, na dai san na isa a jiƙe sharkaf da takalmi ɗaya. Na yi ta safa da marwa a baranda har wata ma'aikaciya ta ce in ba zan zauna ba in fita. Yaya ta rayu. Yaron, namiji ne, bai zo da rai ba. Na tare likitar na tambaye ta ko da an kawo ta da wuri da an same shi. Ta ce ba wanda zai iya ce min e ko a'a. Na so ta ce a'a, wallahi na so.

Washegari na kai wa maigida rahoton. Ya karanta a tsaye, ya tambaye ni ranar da na fara lura, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Ya ɗaga waya kawai ya ce a loda ƙarfe a mota, a je a ƙara wa na Gbalahi tsawo. Kwana biyu aikin ya ci. Ni na hau na ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ɗigon ya dawo, bai sake ɓacewa ba.

Da aka sallame ta, gidan Inna aka kawo ta a Gumbihini don ta yi jinya. Mata na shigowa jaje, kowa na cewa haka Allah ya ƙaddara, ita kuma tana ba su labarin yadda Auta ya kira direba da kansa, wai ba don shi ba da ita ma ta tafi. Kwana biyar ina jin wannan yabo ina fita tsakar gida ina dawowa. A na shida da hantsi, Inna ta tafi kasuwa, na shiga na zauna a bakin katifarta na faɗa mata komai, tun daga madubi har zuwa zabuwa. Ban rage komai ba.

Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama, tana kallon rufin ɗaki ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Mako uku, Yaya."

"Kana zuwa gidana a mako ukun nan."

"Ina zuwa."

Ta juyo ta dube ni. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Ta ce, "Ni ban san ƙarfe ba, ban san faranti ba, kuma ba ruwana da abin da ke tsakaninka da maigidanka. Kowa na kuskure. Amma da ka ce min kawai, Yaya, motar nan ba ta da tabbas, ki dawo gidan Inna ki zauna har ki sauka. Ko dalili ba zan tambaye ka ba, Auta. Zani biyu zan ɗaure in hau bayan babur ɗinka."

Ta ja mayafi ta juya fuskarta wajen bango, ta ce in janyo mata ƙofa in na fita.