Lafiya Ce, Inna

A garinmu babba ba ya gudu. Yaro ya yi gudu, akuya ta yi gudu, amma in ka hangi namiji mai gemu ya ɗaga ƙafa, to gobara ce, ko wani ya faɗa rijiya, ko an aiko shi da labarin mutuwa. Haka na tashi na tarar a Tanut, kuma ban taɓa sa abin a raina ba sai da ni na zama mai gudun.

Wani tsohon sarja ne ya jefa ni ciki, maƙwabcin shagon da nake koyon ɗinki. Ya baro soja da ɗingishi da baƙar magana. Ranar wata kasuwa ya ga na bi raƙumin wani makiyayi da ya tsinke har na tare shi a bayan gari, sai ya ce za a yi gasar dogon gudu a Damagaram bayan kaka, kilomita arba'in da 'yan kai, kuma ni zan je in ɗauko wa yankinmu na Damargu suna. Na ce masa mai hankali ba ya gudun arba'in alhali ga kamyo, wato babbar mota, a tasha. Ya ce shi ma ai bai ce ina da hankali ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce. Ana sallame asuba sai in kama hanyar Gangara da takalmin roba. Rairayi ya riƙe maka ƙafa, ƙarangiya ta cika maka ƙwauri, haƙarƙari ya riƙa suka kamar an sa allura. Farcen babban yatsana ya yi baƙi ya fita, na kai wa sarja a tafin hannu don ya tausaya mini, ya ce saura tara. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi wuya shi ne muryar da ke tasowa cikin kai in an yi nisa, tana tambayarka wa ya aike ka, tana cewa ka zauna. Kuma babu abin kallo da zai ɗauke maka hankali sai ƙasusuwan shanu sun yi fari a gefen hanya, da bukkokin da masu su suka tashi.

Inda nake juyawa wani ɗan ƙauye ne mai rijiya, mutanensa sun watse sai tsofaffi. Ranar farko da na tunkare shi, wata tsohuwa tana sheƙar hatsi a ƙofar gida. Tana hango ni ta saki ƙwaryar, ta zube ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana salati. Na tsaya ina haki. Da ƙyar na gane abin da take tambaya: a ina ya mutu. Ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata, ya kora sauran shanunsu kudu lokacin farin, tun daga nan ba shi ba labarinsa.

Na rantse mata ban san ɗanta ba, gudu kawai nake. Ta ce gudun me? Na ce na gasa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce uwata ba ta yi dace ba, sannan ta ɗebo mini ruwa.

Washegari ma haka ta yi, ta sake zubewa. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce ai jiya ta gan ni, fuskata ba ta sake ba. Ta ce idonta ba ya rarrabe fuska daga nesa, ƙafa kawai take gani, kuma zuciyarta ba ta jiran bayani. Sauya hanya ba zai yiwu ba, don nan ne kaɗai ruwa yake. Sai ta kafa mini sharaɗi. Akwai wata aduwa kafin a shiga ƙauyen, da na kai gindinta, in ɗaga murya in ce, "Lafiya ce, Inna!"

Wanda bai taɓa yin ihu da busasshen maƙogwaro bayan doguwar hanya ba, ba zai san wahalar ba. Amma na yi. Ta kan amsa da hannu, kafin in iso ruwa na jirana. Sannu a hankali na lura ba gaisuwa ta ɗauki maganar ba. Ni daga gari nake, garin da ke da tasha, inda labari ke sauka. In na ce lafiya, to ɗanta yana raye har gobe. Wata rana ta faɗa mini da bakinta cewa tun da na fara zuwa take samun barci.

Abin ya tsorata ni. Sarja ya ce jiki na son hutu, in riƙa tsallake kwana, na kasa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, da na koma na tarar ba ta ɗora tukunya ba tun shekaranjiya. Daga nan ko ƙafa na jini sai na je. Kuma a daminar nan ne na fara jin taku a bayana. In na yi nisa, kai ya yi zafi, sai in ji wani na biye da ni, numfashinsa daidai da nawa. In waiga, ba kowa sai tumfafiya. Ban taɓa ganin ɗan nan ba, amma na san shi ne, kuma ban gaya wa sarja ba don kada ya yi mini dariya.

Ana cikin girbi wani direban kamyo ya zo daga kudu da labari, ya kai wa liman. Ɗan tsohuwar ya rasu a wani ƙauye kusa da iyaka, ciwon ciki, an binne shi tun bazara, tun kafin in sayi takalmin robar. Liman ya ce ni ta sani, kuma ni ne mai ƙafa, in yi gaba, su dattawa za su biyo a kan jakuna.

Na fita da rana tsaka, na yi gudu irin wanda ban taɓa yi ba, ina son abin ya wuce. Ran nan ban ji takun ba. Da na kai aduwar na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ƙafafuna da kansu suka koma tafiya. Haka na ƙarasa, a hankali, hannuwa a sake.

Tana tsaye a ƙofar gida. Ba ta zube ba, ba ta saki komai ba. Ta shiga ta fito da ƙwaryar ruwa kamar kullum.

"Sha tukuna, ɗana," in ji ta. "Na gani."

Ta tambaya ko an yi masa wanka an sallace shi, na ce an yi. Ta tambaya yaushe, na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallon hanyar da na fito.

"To Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Ka ba ni barcin damina guda."

Gasar na je. Ban ci kyauta ba, amma na ƙarasa. Can wajen ƙarshe, inda manyan ƙarti ke komawa tafiya suna riƙe da ƙugu, ni na kasa komawa tafiya, domin duk sanda na rage gudu sai in ga ƙofar gidan nan. Sarja ya ce bai san ina da zuciya haka ba. Ban yi masa gardama ba, tsoro ne ya kai ni.

Yanzu gwiwoyi sun ƙi, da sanda nake takawa. Duk gidan da na tunkara a hankali, in na hangi mace tsaye a ƙofa, tun daga nesa nake ɗaga murya in ce lafiya ce. Jikokina dariya suke yi, suna cewa wa ya tambaye ni.