Wuƙar da Yaya Sabi'u Ya Buɗe a Bakin Kanal

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka sare yayana Sabi'u a bakin kanal, kusa da gonarsa da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ban taɓa rubutu a kansa ba, domin ni mutum ne mai riƙo, na san alƙalamina ba zai yi wa kowa adalci ba. Abin da ya sa na buɗe baki bana shi ne ɗansa Nafi'u, wanda yake noma gonar yanzu, ya zo ya ce in raka shi kasuwa ya sayi wuƙa. A cikin watan ne kuma Habu, mutumin da ya kashe masa uba, ya gama zaman gidan yari ya dawo gonarsu da ke sama da tamu.

Yaya ya fi daɗewa wajen zaɓen wuƙa fiye da yadda wani yake daɗewa wajen zaɓen saniya. Manomin rani ba ya rabuwa da ita: da ita yake yanka tiyon ban ruwa, ya datse igiyar kwandon tumatir, ya farke bakin buhun taki, in ya gaji ya fere rake. Ba ya son mai kube, wai rataya wuƙa a ƙugu neman magana ne. Mai ninkewa yake so, wadda za ta kwanta a aljihu, mai kaurin ƙarfe da ruwan kanal ba zai sa ta tsatsa ba, mai ƙotar da ba ta suɓucewa a hannun da ya sha taɓo. Sai ya buɗe ta ya danna bayanta a jikin tebur ya ga ko makullinta zai saki, sannan ya girgiza ta a kunne ya ji ko gaɓar tana lilo. Masu sayarwa har tsaki suke yi in sun hango shi. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Araha ba ta ado, Ɗanjuma. Wuƙar banza yatsan mai ita take fara ci."

Wanda bai san noman kanal ba ba zai gane abin da ya faru ba sai an yi masa bayani. In ruwa ya yi ƙaranci, na sama kan cika buhu da ƙasa ya toshe ƙaramar magudana, ruwan ya tsaya a gonarsa. Na ƙasa in ranarsa ce, ba ya ɓata ƙarfinsa wajen ɗaga jiƙaƙƙen buhu, don yana juya baya za a mayar. Farke shi yake yi, ruwa ya kwashe ƙasar. Kowa ya san haka ake yi. A zagi juna, a ci kwala, dattawa su sasanta.

Ran nan ranar ruwansa ce, da hantsi ina biye da shi muka tarar Habu ya toshe magudanar da buhu. Shinkafarsa ta yi ciki, ƙasa kuma ta fara tsagewa. Ya shiga ruwa har gwiwa, Habu yana tsaye a kansa da adda yana zagi. Yaya ya sa hannu a aljihu ya buɗe wuƙar, makullin nan da yake taƙama da shi ya ce ƙas, ya sunkuya. A kotu Habu ya rantse ya ɗauka cikinsa aka nufa. Ni dai abin da na gani shi ne adda ta sauka tsakanin wuya da kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi. Yaya ya ɗaga hannu zai kare, sara na biyu ya kusa cire masa shi. Jini ya yi tsartuwa har fuskata, ruwan ya koma ja. Na cusa rigata a raunin, muka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Kafin mu hau kwalta ya tambaye ni, "Ruwan ya wuce?" Na ce ya wuce. Ƙarya na yi masa, bai ko taɓa buhun ba.

Masu ta'aziyya sun yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma har gobe ina jin haushin wannan magana, domin ba tsautsayi ne ya riƙe addar ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga kasuwar yau. Wuƙaƙe ne birjik masu ƙyalli, ka danna maɓalli baki ya yi tsalle ya fito, samari suna gani a waya suna rububi. Na tabbata dariya zai yi ya ce waɗannan ba a yi su don tiyo ba. Nafi'u bai ko kalle su ba. Ya ɗauki wata mai baƙar ƙota, ya danna bayanta a tebur, ya kai ta kunne ya girgiza. Ba wanda ya koya masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na kau da kai don kada ya ga idona, sannan na ce, "Ta aiki ce dai ko?"

Ya ce, "Baffa, shinkafata ta yi ciki. In na tarar da buhu ranar Alhamis, ranar ruwana, farke shi zan yi, ko wa ke tsaye a wajen."

Abin da Yaya ya bari ke nan. Gonar tana nan, idonsa na sanin ƙarfe yana nan, taurin kansa a kan haƙƙinsa ma yana nan. Sanyin zuciyarsa ne ban sani ba ko ya shiga gadon, kuma shi kansa sanyin bai cece shi ba. Ba zan iya ce wa yaron ya bar ruwansa ba, a kansa ubansa ya mutu. Ba zan kuma iya ce masa je ka ba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta. Ni da ko fartanya ban iya riƙewa ba, ranar Alhamis zan riga Nafi'u zuwa bakin kanal, in shiga ruwan in zauna a kan buhun, tsakaninsa da Habu.