Ranar da Na Ce Ba Na Salla

Har yau idan na ji ana cika baki a rediyo wai ƙungiyoyin ƙasashen waje suna kare ma'aikacin da ya tona ɓarna, sai in yi tsaki. Kare wa? Na yi aiki da su, na gani da idona.

Lokacin ina buga tafireta a ofishin wata ƙungiyar Turawa a Gwarzo. Aikinmu kafa famfon tuƙa-tuƙa a ƙauyuka, saboda kurkunu ya addabi mutane. Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a ne, maza sun tsayar da gemu, mu mun ƙara wa mayafi tsawo, ga tsadar rayuwa har mai digiri yana roƙon aikin masinja. Wanda ya samu gurbi a ofis irin namu, da haƙora yake riƙe shi. Ni kuwa da aikin nan nake ciyar da mahaifiyata.

Direbanmu wani dattijo ne mutumin Kabo, Baba muke ce masa. Goro a kunci, carbi a jikin madubin mota. Shi ke ɗaukar famfunan, don haka shi ya san inda suke sauka. Na ƙauyen Dugabau ya sauka a gidan gonar wani ɗan siyasa. Na Masanawa ya tafi gidan surukin Oga, wato shugaban ofishinmu. Matan ƙauyukan kuwa suna nan suna tace ruwan kududdufi da gefen zani.

Wata rana Baba ya same ni ni kaɗai, ya gaishe ni kamar ba shi ne babba ba.

"'Yata, an ce masu ƙungiyar nan suna da doka, in ka ga ɓarna ka rubuta musu can ƙasarsu, ba sai ka sa suna ba, kuma ba mai taɓa ka. Gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne, Baba.

"To ni ban yi boko ba. Jiya na ga ana naɗe wa wata mata kurkunu a tsinke a Dugabau, na kasa cin tuwo."

Ya faɗa da Hausa, na juya da Turanci, na buga. Shi ya kai wasiƙar gidan waya a Kano. Mun yi ta murna da wayonmu, don babu suna, babu rubutun hannu.

Ka san abin da manyan suka yi da wasiƙar? Sai suka aiko wa Oga da ita, wai ya faɗi ra'ayinsa. Tir! Ka kai ƙarar mutum, a miƙa masa takardar ƙarar a ce ya duba.

Bayan azahar ya tara mu duka. Ga Alƙur'ani a kan tebur, ga buta a bakin ƙofa. Ya shafa sabon gemunsa ya ce shi ba zai zargi kowa ba, zato zunubi ne, zamanin Shari'a muke. Kowa dai ya yi alwala ya dafa, ya rantse ba hannunsa a cikin wasiƙar nan. Injiniyanmu Kirista ne mutumin Filato, har Littafi Mai Tsarki aka aro masa. Dubi rashin kunya! Ɓarawon famfo ne ke rantsar da mutane. Turawan sun yi tunanin suna, sun yi tunanin ambulan, amma wannan kam bai taɓa zuwa ransu ba.

Ɗaya bayan ɗaya suka dafa. Da layi ya zo kaina, sai na sunkuyar da kai na ce, "Ranka ya daɗe, ba na salla."

Duk mazan suka kau da fuska. Wane namiji ne zai tsaya bincikar mace a kan al'adarta? Oga ya yi mini alama da hannu in wuce. Ƙarya ce tsagwaronta, ko rabin awa ban yi da sallame azahar ba.

Baba ya yi alwalarsa a tsanake, ya zo gaban tebur ya tsaya, hannuwansa a baya.

"Alhaji, ni na sa aka rubuta."

"Wa ya buga maka?"

"Wannan kuma tsakanina da Allah."

Ba a kore shi ba, ai doka ta hana. An dai karɓe makullin mota, wai idonsa ya yi rauni, mutumin da yake hango rami tun kafin mu gan shi. Aka ajiye masa benci a bakin get. Daga ranar gaisuwa ta ɗauke. Mutanen da suke durƙusa masa da safe, su tambayi gida, su tambayi gajiya, suka koma wucewa suna duba agogo. Wasu suka riƙa bin sa a ɓoye suna cewa ya ɗauki dattawa su je su ba Oga haƙuri. Haƙurin me, don Allah? Ni ma da nake wannan faɗan, ta ƙofar baya na koma shiga ofis.

Daga baya aka turo wata Baturiya bincike. Oga ya tarbo ta a filin jirgi, Oga ya sauke ta, Oga ya yi mata tafinta. Aka kai ta ƙauyen Gude ta tuƙa famfo mai aiki, aka ɗauke ta hoto, ta koma da kyautar jakar fata. Ta gaban bencin Baba ta wuce, har ta ɗaga masa hannu, ta ɗauka maigadi ne.

Da wa'adin kwantiraginsa ya cika, ba a sabunta ba, wai ana tsuke bakin aljihu. Ni na buga takardar sallamarsa, da tafiretar nan dai. Ban yi kuskuren ko harafi ɗaya ba, Allah wadaran wannan ƙwarewa.

Shekaru sun ja kafin na sake ganinsa, a kasuwar Kabo, zaune gaban faifan goro. Na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi maigidana da yara, ya tambayi aiki. Da gaisuwar ta ƙare, na rasa inda zan sa idona, na ce, "Baba, ranar nan da na ce ba na salla..."

"Na sani, 'yata," in ji shi, yana yayyafa wa goronsa ruwa. "Ai ni na cika miki butar da kika yi alwalar azahar."

Ya zaɓi fararen goro biyu masu kyau, ya ƙunshe a ganye, ya ce in kai wa Inna. Na miƙa hannu biyu. Wannan ma na karɓa.